O. Henry: Rayuwarsa da Fama da Ƙulla Zaren Labari

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami da niyyar rubuta ƙagaggen labari ya san cewa samun abin da za a faɗa bai kai tsara shi wuya ba. Sau da yawa marubuci yakan sami jigo mai kyau da taurari masu rai, amma in ya zo wajen ƙulla zaren labarin da warware shi sai aiki ya cije. Ko dai mai karatu ya hango ƙarshen tun daga shafi na biyu, ko kuwa a kawo masa ƙarshen da ba shi da tushe cikin abin da ya gabata. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar wani marubuci Ba'amurke mai suna William Sydney Porter, wanda duniya ta fi sani da O. Henry. Ya rayu daga 1862 zuwa 1910, kuma a fagen gajerun labarai sunansa ya zama ɗaya da abin da za mu kira ƙarshen ba-zata, watau juyin da labari kan yi a layukansa na ƙarshe ya kifar da zaton mai karatu. An zaɓe shi ne domin rayuwarsa ta nuna fuskoki biyu na wannan matsala. Ya gwanance wajen rufe gajeren labari, amma gwanintar ta zame masa ƙangi, har ya bar duniya bai gina dogon labarin da ya yi ta buri ba.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Porter ranar 11 ga Satumba, 1862, a garin Greensboro cikin jihar Carolina ta Arewa, sa'ad da ake tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Mahaifinsa likita ne, amma daga baya ya sake da aikin, ya shagala da ƙoƙarin ƙera wasu na'urori da ba su taɓa yin aiki ba. Mahaifiyarsa ta rasu da ciwon tarin fuka yana ɗan shekara 3, saboda haka ya tashi a hannun kakarsa da gwaggonsa Evelina, wadda take da 'yar makaranta a gida. A wurinta ya yi kusan dukkan karatun da ya samu. Daga cikin dabarunta na koyarwa akwai fara ba da labari, sa'an nan ta sa yara su ci gaba da shi ɗaya bayan ɗaya. Ke nan tun yana yaro aka saba masa da tambayar da ke gaban kowane mai ƙaga labari, watau daga nan kuma sai me ya faru.

Yaro ne mai yawan karatu, kuma cikin littattafan da ya fi so har da Dare Dubu da Ɗaya. Wannan rijiya ce da marubutan Hausa ma suka sha daga gare ta, domin tana cikin tushen da Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce. Tasirin littafin bai rabu da Porter ba, don kuwa bayan ya girma yakan kwatanta birnin Niyok da Bagadaza, ya riƙa sa attajiran birnin a matsayin Haruna Rashid mai yawon dare cikin talakawa. Ya bar makaranta yana da shekara 15, ya shiga aiki a kantin maganin kawunsa, kuma a 1881 ya sami takardar izinin haɗa magani.

Zamansa a Teksas

A 1882 wani tari da ya matsa masa ya sa aka tura shi jihar Teksas ko canjin iska zai yi masa amfani. Ya yi shekara biyu a wani gandun kiwo, inda ya san makiyaya da rayuwar daji, ya kuma tsinci Sifaniyanci. A 1884 ya koma birnin Austin. A 1887 ya auri Athol Estes ba da son iyayenta ba, kuma a shekarar ya sami aikin zanen taswira a ofishin filaye na jihar, a kan albashin dala 100 a wata. An haifa musu 'ya mai suna Margaret a 1889.

Da canjin gwamnati ya raba shi da aikin a 1891, sai ya zama kashiya a wani banki a Austin. A 1894 ya kafa wata jarida ta barkwanci mai fitowa mako-mako, The Rolling Stone, wadda shi ne yake rubuta mafi yawan abin da ke cikinta, shi ne kuma mai zanen hotunanta. Jaridar ba ta mayar da kuɗinta ba, ta mutu a 1895. Kafin nan kuwa an gano giɓi a littafin kuɗin da ke hannunsa a banki, ya rasa aikin a 1894. Bankin wuri ne da ake tafiyar da shi da sakaci, shi ya sa har yau masu tarihi ba su haɗu a kan ko sata ya yi ko kuwa rashin iya riƙon lissafi ne ya ja masa ba. Ya koma Houston yana rubutu a jaridar Houston Post, can sammaci ya same shi a 1896.

Gudu da Kurkuku

A watan Yuli na 1896 ya shiga jirgin ƙasa zai tafi Austin wurin shari'a. Da ya isa tashar da zai canja jirgi, sai ya shiga wanda ya nufi New Orleans, daga can ya haye teku zuwa Honduras, ƙasar da a lokacin ba ta da yarjejeniyar mayar da masu laifi da Amurka. Ya zauna 'yan watanni a garin Trujillo na bakin teku, inda ya haɗu da Al Jennings, wani ɗan fashin jiragen ƙasa da shi ma ya gudo. Nufinsa matarsa da 'yarsa su biyo shi, amma tarin fuka ya riga ya ci ƙarfin Athol. Da labari ya iske shi, sai ya komo a farkon 1897, yana sane da abin da ke jiransa. Ta rasu a watan Yuli na wannan shekara.

A watan Fabrairu na 1898 aka same shi da laifin cin dala 854 da 'yan santi, aka yanke masa ɗaurin shekara 5. Gudun da ya yi ya ƙara nauyin zargin, shi kuwa bai faɗi wani abin kirki don kare kansa ba. An kai shi kurkukun jihar Ohio a garin Columbus, inda saninsa na magani ya cece shi, aka ba shi aikin dare a asibitin kurkukun. A cikin waɗannan darare ne ya zauna ya koyi sana'ar rubutu da gaske. Yana sauraron labaran ɓarayi da 'yan damfara, yana rubutu domin ya sami abin aika wa Margaret, wadda aka gaya mata mahaifinta ya yi tafiyar neman kuɗi ne. Yakan bi da labaran ta hannun wani a New Orleans don kada editoci su gane daga ina suke fitowa. A watan Disamba na 1899 mujallar McClure's ta buga masa labari da sunan O. Henry, sunan da ya liƙe masa har abada. An sake shi ranar 24 ga Yuli, 1901, bayan shekara 3 da 'yan watanni, saboda kyawun halinsa.

Ya kamata manazarci ya lura da abin da wannan zama ya bari a cikin rubutunsa. Mutum ne da ya fito da asirin da yake tsoron tonuwarsa, ya ɓuya a bayan sunan aro, ba ya son a ɗauki hotonsa, ba ya son tambaya. Ba mamaki da labaransa suka cika da mutanen da zahirinsu daban, baɗininsu daban: ɓarawon da ya zama mutumin kirki, mai kuɗin da ya yi shigar talaka, 'yar aikin kanti da ta yi shigar 'yar sarauta. Juyin da yake yi a ƙarshen labari, galibi yaye lulluɓi ne daga kan wani mutum.

Niyok da Labari Kowane Mako

A 1902 ya koma Niyok, inda mujallu da jaridu suke. Daga Disamba 1903 zuwa Janairu 1906 ya ɗauki alkawarin ba jaridar New York World labari ɗaya kowane mako domin fitowarta ta Lahadi, a kan dala 100 kowane labari, ban da abin da yake rubuta wa wasu mujallu. Yakan yi yawo a tituna da gidajen abinci da wuraren shan iska yana kallon mutane, daga nan yake samo taurarinsa. A 1906 ya fitar da The Four Million. Sunan littafin raddi ne ga wani mai faɗa a ji da ya ce mutum 400 kaɗai ne suka isa a san da su a Niyok. Shi kuwa O. Henry yana ganin dukkan miliyan huɗun da ke birnin kowa da labarinsa.

Wannan alkawari na mako-mako shi ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya fara cin sa. Filin da jarida ta ba shi kaɗan ne, mai karatun jarida kuwa ba ya da haƙuri, don haka dole labari ya kama shi da wuri, ya kuma sallame shi da abin da zai tuna. Ga shi O. Henry mutum ne mai jinkiri da almubazzaranci da shan giya. Kullum ya riga ya karɓi kuɗin labarin da bai rubuta ba, 'yan aiken edita suna zaune suna jiran shafi.

Yadda Yake Ƙulla Labari

Idan aka dubi labaransa da suka fi kyau za a ga cewa mamakin da ke ƙarshensu an shuka irinsa tun daga farko. Misali na farko shi ne The Gift of the Magi, wanda ya fito a Disamba 1905. Mata da miji ne matalauta, Della da Jim, kowannensu yana da abu ɗaya tak na alfahari: ita dogon gashinta, shi agogon zinariya na gado. Marubucin ya ajiye waɗannan abubuwa biyu a gaban mai karatu tun da wuri. Sa'an nan ya bi Della ita kaɗai, ta sayar da gashinta dala 20 ta sayo wa agogon sarƙa domin kyautar Kirsimeti. Da yake hankalin mai karatu ya tafi ga fargabar abin da Jim zai ce in ya ga kanta, ba ya tsayawa ya tambayi abin da Jim yake yi a wannan yini. Sai a ƙarshe ya bayyana cewa ya sayar da agogon ya sayo mata matazan adon gashi. Babu ƙaryar da aka yi wa mai karatu. An nuna masa rabin labari ne, rabi na biyun kuwa hoton na farkon ne cikin madubi. Har wa yau, juyin shi ne jigon kansa, domin sai da kyaututtukan biyu suka tashi a banza sa'an nan girman ƙaunar ya fito.

Misali na biyu shi ne The Last Leaf. Wata yarinya mai zane, Johnsy, tana kwance da ciwon haƙarƙari, ta sa a ranta cewa ranar da ganye na ƙarshe ya faɗi daga wani tsiro mai yaɗo a bangon da ke fuskantar tagarta, ranar za ta mutu. A ƙasan benen akwai wani tsoho mai zane, Behrman, wanda ya shekara 40 yana cewa zai yi zanen da za a tuna da shi, bai ko fara ba. Aka yi ruwa da iska, ganye ɗaya ya ƙi faɗuwa, yarinyar ta sami ƙarfin zuciya ta warke. Daga baya aka gane tsohon ne ya fita cikin ruwan da dare ya zana ganyen a bango, sanyi ya kama shi ya mutu. Mai karatu ya ɗauki tsohon a matsayin abin dariya da aka kawo don cika fili, alhali kuwa shi ne mabuɗin labarin. 

A The Cop and the Anthem na 1904 dabarar ta maimaici ce. Wani marar gida mai suna Soapy yana so a kama shi ya yi wata uku na hunturu a kurkuku inda akwai abinci da ɗumi. Ya yi laifi bayan laifi ba a kama shi ba. Da ya tsaya a bakin wata majami'a ya ji kiɗan da ya tuna masa ƙuruciyarsa, ya ƙudura zai gyara rayuwarsa, a nan ɗan sanda ya kama shi da laifin zaman banza, alƙali ya ba shi wata uku. Maimaicin ya koya wa mai karatu wata ƙa'ida, sai da ya amince da ita aka karya ta.

Daga waɗannan za a iya fitar da sharuɗɗa uku. Dole duk abin da juyin zai dogara a kansa ya riga ya bayyana a cikin labarin. Dole hankalin mai karatu ya tafi wani wuri bisa dalili mai kyau, ba don an yaudare shi ba. Dole kuma juyin ya ƙara wa jigo ma'ana, ta yadda in an sake karanta labarin za a same shi ya fi daɗi. O. Henry bai ƙago wannan hanya ba, don Guy de Maupassant na Faransa ya riga shi da labarin sarƙar wuyan nan ta jabu a 1884, amma shi ne ya mayar da ita sana'ar kowane mako.

Inda Dabarar ta Gaza

Ba kowane mako ne ake samun labari irin waɗannan ba. A cikin ɗaruruwan labaran da ya rubuta akwai da yawa da ƙarshensu ya rataya a kan katari kawai, kamar a ce mutum biyu da suka rabu shekara da shekaru su yi kiciɓis a birni mai mutum miliyan huɗu daidai lokacin da marubuci yake bukata. Bugu da ƙari, da masu karatu suka saba da shi sai suka riƙa jiran juyin, abin da ake jira kuwa ya daina zama ba-zata.

Wata matsalar ita ce ta gaskiya. A labarinsa A Retrieved Reformation na 1903, wani gwanin fasa akwatin kuɗi, Jimmy Valentine, ya tuba ya canja suna zai auri 'yar mai banki. Wata yarinya ta maƙale a ɗakin ajiyar kuɗi, ya fito da kayan aikinsa ya buɗe, ya tona wa kansa asiri a gaban ɗan sandan cikin da ke farautarsa, shi kuwa ɗan sandan ya yi kamar bai san shi ba. Al Jennings, wanda ya sake haɗuwa da Porter a kurkukun Ohio, ya rubuta a littafinsa na 1921 cewa tushen labarin wani fursuna ne da aka yi wa alkawarin afuwa in ya buɗe wani akwati, ya buɗe, aka saɓa alkawarin, ya mutu a tsare. In haka ne, juyin ƙarshe ya zama hanyar sa wa magani mai ɗaci zuma. Mutumin da ya ga kurkuku da idonsa bai taɓa rubuta ta yadda ya gan ta ba.

Babbar gazawar ta bayyana ne a wajen dogon labari. Littafinsa na farko, Cabbages and Kings na 1904, an fitar da shi a matsayin labari guda, amma ɗinki ne. An ɗauki wani gajeren labarinsa na shugaban wata ƙasa da ya gudu da kuɗin baitulmali, aka yayyanka shi, aka cusa wasu labaran da ya riga ya rubuta a tsakani, aka ƙara sababbi don su riƙe su. Ƙasar ƙagaggiya ce mai suna Anchuria, wadda ya gina a kan abin da ya gani a Honduras, kuma a nan ne laƙabin jamhuriyar ayaba ya samo asali. Sirrin da aka ƙulla a farkon littafin sai a kusan ƙarshe aka warware shi, inda ya bayyana cewa mutumin da ya kashe kansa ba shugaban ƙasar ba ne, wani shugaban kamfanin inshora ne da shi ma ya gudo da kuɗi. Amma babi-babin da ke tsakani ba su tura wannan sirri gaba ba, kowanne yana da nasa ƙulli da nasa warwara. Dalilin a fili yake. Gajeren labari yana iya tsayawa a kan ɓoye abu ɗaya na shafi biyar. Dogon labari kuwa yana bukatar kowane abu ya haifi na bayansa, taurari su canja sannu a hankali, mai karatu ya ci gaba da bi ko da ya san inda aka dosa.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1907 ya auri Sarah Coleman, wadda ya sani tun ƙuruciya, amma zaman bai yi daɗi ba, suka rabu da zama tare a 1909. Littattafansa suna ta fitowa, kusan biyu kowace shekara, amma lafiyarsa tana raguwa, rubutu yana yi masa wuya. Ya gwada wasan kwaikwayo na waƙa tare da Franklin P. Adams a 1909, bai karɓu ba. Labarin Jimmy Valentine kuwa, wanda ya sayar da izininsa a kan kuɗi kaɗan, wani ne ya mayar da shi wasan kwaikwayo a 1910 ya kwashi riba.

A wannan lokaci ya yi alkawarin dogon labari. A wata wasiƙa da bai ƙarasa ba ya bayyana cewa yana so ya rubuta rayuwar mutum ɗaya yadda take, ba ado ba ɓoye-ɓoye. Littafin bai samu ba. Labarin da yake kan rubutawa a ƙarshe, The Dream, na wani ne da ke jiran kisa a kurkuku, kuma ya yi nufin ya zama mafarin sabon salo. Ya tsaya a tsakiya, aka buga shi a haka bayan mutuwarsa. Ya mutu a Niyok ranar 5 ga Yuni, 1910, da ciwon hanta da na sukari, yana da shekara 47. A majami'ar da aka yi addu'ar jana'izarsa an yi kuskuren sa ɗaurin aure a wannan sa'a, sai da masu biki suka jira a waje. An binne shi a Asheville. Jama'a ba su san ya taɓa zaman kurkuku ba sai da C. Alphonso Smith ya fitar da tarihinsa a 1916.

Kammalawa

Bayan mutuwarsa ra'ayin manazarta ya rabu. A Amurka an fara ba da kyautar gajerun labarai da sunansa a 1919, amma wasu masu sharhi suka ce abin da ya rubuta ba'a ce da aka ja ta yi tsawo, kuma ya mayar da adabi aikin jarida. A Rasha kuwa Boris Eikhenbaum ya rubuta nazari a 1925 yana nuna cewa O. Henry ya san ƙa'idojin zubi sarai, har yana wasa da su da gangan a gaban mai karatu. Kowane ɓangare yana da hujja, gwargwadon labaran da ya ɗauka.

Abin da ɗalibin ƙagaggun labarai zai ɗauka shi ne, ƙarshen ba-zata aikin gini ne da ake farawa daga shafi na farko, kuma ma'auninsa shi ne karatu na biyu. In labari ya mutu da zarar an san sirrinsa, to dabara ce kawai aka yi. Labarin Della da Jim ya haura shekara 100, kusan duk mai ɗaukarsa ya san yadda zai ƙare, amma ana nan ana karanta shi, domin abin da ya riƙe shi halin mutanen biyu ne. Haka kuma mai son rubuta dogon labari kada ya zaci tara gajeru zai kai shi, don ko O. Henry da gwanintarsa ya gwada wannan hanya a 1904, zaren bai ƙullu ba.